Me Ya Sa Ake Cewa Ɗan Siyasa Ya Sauka Idan An Bankaɗo Shi Da Matar Da Ba Tasa Ba?

Tambaya: Malam, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Turawa dai ba su ɗauki zina a matsayin laifi a dokarsu ba, amma duk ranar da aka kama wani minista ko gwamna da matar da ba tasa ba, sai ka ji jaridu da 'yan adawa sun yi masa ca, wai sai ya ajiye aiki. Na tuna ministan lafiyar Birtaniya da ya yi murabus lokacin korona. Mene ne hujjarsu? Kuma me ya sa wasu suke sauka, wasu kuwa suna nan daram kamar ba a yi ba?

Amsa: Malam mai tambaya, ka lura da abu mai kyau. Gaskiya ne babu kotun da za ta ɗaure minista a Landan ko Paris don ya ci amanar matarsa. Faransa ta cire abin daga jerin laifuffuka tun 1975, a Amurka ma jihohin da suka rage da irin wannan doka a takarda kawai take. Amma idan ka bi waɗannan badaƙaloli ɗaya bayan ɗaya, za ka ga ba kasafai neman matan shi kaɗai yake raba mutum da kujerarsa ba. Shi ne yake cika shafin farko na jarida, shi ne mutane suke tsegumi a kai, amma abin da yake kayar da mutum yawanci wani abu ne da yake manne da shi: ƙaryar da ya sharara da aka tambaye shi, ko aikin gwamnati da ya samar wa matar, ko dokar da shi ya kafa wa jama'a ya kuma taka. Bayan wannan kuma akwai lissafin 'yan jam'iyyarsa, wanda a ganina ya fi komai nauyi.

Mu ɗauki wanda ka ambata, Matt Hancock, domin labarinsa ya tara kusan komai.

Ranar Juma'a 25 ga Yunin 2021 jaridar The Sun ta buga hotunan da aka ciro daga kyamarar tsaro ta cikin ofishinsa a ma'aikatar lafiya, yana rungume da wata mai ba shi shawara yana sumbatarta. Shi yana da mata da 'ya'ya uku, ita ma tana da miji. Kafin yamma ya fito ya nemi afuwa, ofishin firaminista Boris Johnson ya ce an karɓi uzurinsa, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Washegari Asabar da yamma ya miƙa takardar murabus, a daren aka naɗa Sajid Javid a madadinsa.

Abin da ya sa zancen ya ƙi mutuwa yana cikin kwanan watan da ke jikin hoton: 6 ga Mayu. A lokacin, ƙa'idar ba da tazara tana nan a Ingila, ba a yarda mutum ya rungumi wanda ba gidansu ɗaya ba sai daga 17 ga Mayu. Kuma wa ya yi shekara guda yana fitowa a talabijin yana jan kunnen mutane su kiyaye? Shi. Mutane sun binne iyayensu ba su samu riƙe hannunsu a asibiti ba. Tsofaffi a gidajen kula da gajiyayyu sun yi watanni suna gaisawa da jikokinsu ta tagar gilashi. Ranar 17 ga Afrilu, wato ƙasa da mako uku kafin a ɗauki hoton, duniya ta ga Sarauniya Elizabeth zaune ita kaɗai a kan benci a cocin Windsor, da baƙin takunkumi a fuska, wajen jana'izar mijinta Yarima Philip, don doka ta ce kada masu halarta su wuce 30. Wanda ya ga wannan hoton, sannan ya ga na ministan lafiya a bayan ƙofar ofis, ba ya buƙatar kowa ya yi masa sharhi. Mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi.

Sai kuma aka tono masa wata tsohuwar magana. A Mayun 2020, wani fitaccen masanin annoba, Farfesa Neil Ferguson, ya sauka daga kwamitin da ke ba gwamnati shawara bayan an gano wata mata tana kai masa ziyara a lokacin dokar kulle. Da aka tambayi Hancock, cewa ya yi abin ya sa ya rasa bakin magana, kuma saukar farfesan ita ce daidai. Tashoshi suka yi ta maimaita wannan faifan ranar Juma'ar nan.

Na uku shi ne batun aikin matar, kuma ni a wurina wannan ya fi na rungumar girma, ko da yake bai kai shi tashe a bakin jama'a ba. Tsohuwar ƙawarsa ce tun suna jami'ar Oxford. A 2020 aka fara ɗaukarta mai ba da shawara, daga baya aka naɗa ta cikin daraktocin da ke sa ido a kan ma'aikatar, ana biyanta fam 15,000 a shekara daga baitulmali. Aikin irin waɗannan daraktoci shi ne su bibiyi yadda minista da ma'aikatarsa suke gudanar da al'amura, su faɗa masa gaskiya in ya kauce. To ta yaya wadda kuke soyayya za ta bincike ka? A nan ne sirrin ɗaki ya zama hakkin mai biyan haraji.

Ka kuma lura da wani abu. Wata guda kafin wannan, tsohon babban mashawarcin firaminista, Dominic Cummings, ya zauna gaban kwamitin majalisa ya ce ya kamata a ce an kori Hancock tun tuni saboda kurakurai masu yawa a yaƙi da annobar, har da zargin yin ƙarya, wanda shi Hancock ya musanta. Zarge-zarge ne da suka shafi rayukan dubban mutane, amma ya tsallake su. Hoto ɗaya ya gama da shi cikin kwana biyu. Dalili shi ne zargin sakaci a annoba yana buƙatar bayani da alƙaluma da gardama, shi kuwa hoto ko yaro ya gane shi. 'Yan majalisar jam'iyyarsa ta Conservative suka koma mazaɓunsu a ƙarshen mako, akwatin saƙonninsu ya cika da fushin mutane, suka fara kiran masu tsawatarwar jam'iyya suna cewa ba za su iya kare wannan ba. A takardarsa da bidiyon da ya fitar, bai ce ya sauka don ya ci amanar iyalinsa ba. Cewa ya yi waɗanda suka kafa doka dole su bi ta.

Ƙarya kuwa ita ce tsohuwar mai kayar da su. Labarin da duk ɗalibin siyasar Birtaniya yake fara karantawa shi ne na John Profumo, ministan yaƙi a gwamnatin Harold Macmillan. A 1961 ya haɗu da wata yarinya 'yar shekara 19, Christine Keeler, suka yi 'yar mu'amala ta ɗan lokaci. Matsalar ita ce yarinyar ta san wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet, Yevgeny Ivanov, a daidai lokacin da yaƙin cacar baka yake kan ganiyarsa. Da raɗe-raɗi ya yi yawa, ranar 22 ga Maris 1963 Profumo ya miƙe a zauren majalisa ya ce babu wani abin assha tsakaninsa da ita, har da barazanar kai ƙarar duk wanda ya maimaita zancen a waje. Ramin ƙarya ƙurarre ne: farkon watan Yuni ya amsa cewa ya yaudari majalisa, ya bar minista, ya bar kujerar majalisar ma gaba ɗaya. Binciken da alƙali Lord Denning ya yi bai gano cewa wani sirrin ƙasa ya fita ba. Ke nan ba leƙen asiri ne ya ci shi ba. A tsarin Birtaniya minista yana riƙe da muƙaminsa ne bisa amincewar majalisa, kuma duk aikin majalisar ya dogara ne a kan cewa abin da minista ya faɗa a zaure gaskiya ne. Har yau kundin ɗa'ar ministocinsu yana cewa wanda ya yaudari majalisa da gangan ana sa ran ya miƙa takardar murabus.

Shi kansa Boris Johnson da ya yi saurin yafe wa Hancock ya taɓa ɗanɗanawa. A Nuwamban 2004 shugaban jam'iyyarsu na lokacin, Michael Howard, ya cire shi daga sahun gaba na 'yan adawa saboda ya musanta wata alaƙa da jaridu suka ruwaito, daga baya ta tabbata. Wata guda bayan nan ministan cikin gida na gwamnatin Tony Blair, David Blunkett, ya sauka. An yi watanni ana zancen soyayyarsa da wata matar aure, Blair yana cewa wannan rayuwarsa ce ta ƙashin kai, babu ruwan kowa. Ranar da aka ga saƙon da ke nuna an hanzarta takardar izinin zama ta mai renon ɗan matar bayan maganar ta bi ta ofishinsa, ranar kariyar ta ƙare.

Waɗanda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a wuyansu sukan sha. Paddy Ashdown, shugaban jam'iyyar Liberal Democrat, da ya ga jaridu za su fasa ƙwai a 1992, sai ya riga su, ya kira taron manema labarai ya amsa da bakinsa, ya ci gaba da shugabancinsa har 1999. Robin Cook ya rabu da matarsa a 1997 saboda sakatariyarsa, ya ci gaba da zama ministan harkokin waje.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarka, wanda ya fi daɗin nazari: me ya sa wani yake yin ƙaryar, a kama shi dumu-dumu, amma ya ƙi sauka kuma a rasa yadda za a yi da shi?

Sai ka fara raba kiran murabus da ikon tsigewa. Kira dai magana ce, kowa yana iya yi, jarida ko limamin coci ko ɗan adawa. Abin tambaya shi ne wa yake da wuƙa a hannu. Minista a Birtaniya firaminista ne yake naɗa shi, shi yake sallamarsa da jimla ɗaya, shi kuma firaministan yana tsoron 'yan majalisar jam'iyyarsa. Don haka minista ba shi da inda zai tsaya idan na bayansa suka janye. Shugaban Amurka kuwa jama'a ne suka zaɓe shi na wa'adin shekara huɗu, babu mai cire shi sai majalisar wakilai ta tuhume shi, sannan kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa, wato sanatoci 67 cikin 100, su same shi da laifi.

Wannan shi ya ceci Bill Clinton. A Janairun 1998 ya tsaya gaban kyamara yana kaɗa yatsa ya ce bai taɓa yin lalata da Monica Lewinsky ba, matashiyar da ke koyon aiki a fadar White House, wadda take 'yar shekara 22 lokacin da abin ya fara. Ya kuma musanta a ƙarƙashin rantsuwa a wata shari'a da wata tsohuwar ma'aikaciyar gwamnatin jihar Arkansas, Paula Jones, ta shigar a kansa. A watan Agusta ya dawo ya amsa. Jaridu fiye da 100 suka rubuta sharhin cewa ya sauka. Ranar 19 ga Disamba majalisar wakilai ta tuhume shi da laifi biyu, yin ƙarya bayan rantsuwa da kawo wa shari'a cikas. Ka ga ko a nan, babu zina a cikin takardar tuhuma. Ranar 12 ga Fabrairun 1999 majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'a: a tuhuma ta farko 45 ne suka ce yana da laifi, a ta biyu aka yi kunnen doki, 50 da 50. Ko kusa da 67 ba a je ba.

Me ya sa sanatocin jam'iyyarsa ba su yar da shi ba? Sun duba alƙaluma. Tattalin arziƙi yana bunƙasa, aikin yi ya wadata, kuma a makon da aka tuhume shi ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 73 cikin ɗari sun gamsu da yadda yake aiki. A zaɓen tsakiyar wa'adi na Nuwamban 1998 jam'iyyarsa ta Democrat ƙarin kujeru ta samu a majalisar wakilai, abin da ba a saba gani ba ga jam'iyyar shugaba mai ci. Amurkawa da yawa sun ce ba za su ba shi amanar 'yarsu ba, amma sun yarda ya ci gaba da riƙe ƙasa. Su kuma masu farautarsa, laifi tudu ne. A ranar da aka kaɗa ƙuri'ar tuhumar, Bob Livingston, wanda jam'iyyar Republican ta tsayar ya zama kakakin majalisa, ya miƙe ya ce Clinton ya sauka, sannan ya sanar da cewa shi ma zai bar majalisa, domin nasa asirin na neman mata ya tonu. Newt Gingrich, kakakin da ya jagoranci yaƙin tun farko, ya amsa a 2007 cewa a daidai wannan lokacin shi ma yana tare da wata ma'aikaciyar majalisa a bayan idon matarsa.

Kada dai a ce Clinton ya fita salin-alin. Ya biya Paula Jones dala 850,000 don a kashe shari'a, alƙaliya ta ci shi tarar kusan dala 90,000 kan raina kotu, an kuma dakatar da lasisinsa na lauya a jihar Arkansas na shekara biyar.

Gwamnan jihar South Carolina, Mark Sanford, ya fi ban dariya. A Yunin 2009 ya ɓace kusan mako guda, ma'aikatansa suka ce ya tafi yawon hawan duwatsu, ashe yana Ajantina wajen farkarsa, jiha babu wanda aka bar wa riƙo. Mafi yawan 'yan majalisar jam'iyyarsa suka ce ya sauka, ya ce ba inda za shi. Majalisa ta tsaya a kan yin Allah wadai, ya biya tarar dala 74,000 kan yadda ya yi amfani da kuɗin tafiye-tafiye da na kamfe, ya ƙarasa wa'adinsa, a 2013 ma aka zaɓe shi ɗan majalisar tarayya. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka taimake shi shi ne wasu manyan jam'iyyar suna hararar kujerar gwamna a zaɓen 2010, ba sa son mataimakinsa ya ɗare ta ya riga su kafa gindi. Wanda zai gaji kujera yana cikin lissafin a kowane lokaci, ko da ba a faɗa a fili ba.

Ostareliya ta ba da wani misalin a Fabrairun 2018. Mataimakin firaminista Barnaby Joyce, wanda ya yi suna wajen wa'azin kare martabar aure, aka buga cewa tsohuwar jami'ar yaɗa labaransa tana ɗauke da cikinsa, kuma an yi ta mayar da ita ofisoshin wasu 'yan jam'iyyarsa. Firaminista Malcolm Turnbull ya fito ya caccake shi, ya kuma sa sabuwar ƙa'ida da ta haramta wa ministoci kwanciya da ma'aikatansu, amma bai iya korarsa ba, saboda gwamnatin haɗaka ce, kujerar mataimaki ta shugaban ƙaramar jam'iyyar National ce. Sai da 'yan jam'iyyarsa suka fara juya masa baya, ga kuma wani ƙorafi daban na cin zarafi da ya musanta, sannan ya sauka. A Yunin 2021 jam'iyyar ta sake zaɓensa, ya koma kujerarsa.

Ƙa'idar nan ta Turnbull ta nuna inda ra'ayi ya karkata a shekarun baya-bayan nan. A 1998 gardamar ita ce ko Clinton ya yi ƙarya. Bayan guguwar matan da suka fito suna fallasa manyan da suka ci zarafinsu a wajen aiki daga 2017, tambayar ta koma wata: yarinya 'yar shekara 22 da ke koyon aiki tana da bakin cewa a'a ga shugaban ƙasa mai shekara 49? Idan matar tana ƙarƙashinka, kai ne mai sa hannu a ƙarin girmanta ko sallamarta, to maganar yarda tana da rauni, kuma sauran ma'aikata suna da hakkin tambaya ko cancanta ce take kai mutum gaba a ofishin. Ni ina ganin wannan sauyin ya yi daidai. Abin takaici shi ne har yanzu matan ne suka fi kwasar kashinsu a hannu. Profumo ya koma aikin sa kai a wata cibiyar taimakon talakawa a gabashin Landan, Toynbee Hall, ya yi shekaru yana yi, har aka ba shi lambar girma a 1975. Ita Keeler gidan yari ta shiga kan yin ƙarya a wata shari'a, ta kuma ƙare rayuwarta da tambarin abin a goshi. Clinton ya ci gaba da yawon duniya ana biyansa ya yi jawabi, Lewinsky ta yi shekaru tana neman aiki ana mayar da ita abin barkwanci.

Kada kuma ka ɗauka duk Turawa ɗaya ne. Faransawa sun daɗe suna yi wa Ingilishi da Amurkawa dariya a kan wannan. Dokarsu tana kare sirrin rayuwar mutum da ƙarfi, 'yan jaridarsu ma sun saba kawar da kai. Shugaba François Mitterrand yana da 'ya a waje, manyan 'yan jaridar Paris sun sani shekara da shekaru, ba a buga hotonta ba sai 1994, kuma a jana'izarsa a Janairun 1996 matarsa da uwar 'yar suka tsaya a wuri ɗaya. Da wata mujalla ta buga hotunan Shugaba François Hollande a 2014 yana zuwa wajen wata 'yar fim a kan babur, da hular kwano a kansa, babu wani kiran murabus na a zo a gani. Sai dai kafin ka yaba musu, ka san cewa shirun yana da farashi. Iyalin Mitterrand na ɓoye a gidan gwamnati suka zauna, jami'an tsaron gwamnati suke gadinsu, kuma wani sashe na fadar shugaban ya riƙa satar sauraron wayoyin 'yan jarida da wasu mutane ba bisa ƙa'ida ba, wani ɓangare don kare wannan sirri. Kotu ta hukunta wasu daga cikin jami'an a 2005. Wato abin da aka kira rayuwar ƙashin kai ya ci kuɗin jama'a, ya kuma ci 'yancinsu.

To ni ina na tsaya? Ba na cikin masu cewa halin mutum a gida ba shi da alaƙa da aikinsa. Wanda ya iya shirya ƙarya ya yi ta maimaita wa matar da yake kwana da ita tsawon shekaru, mai zaɓe yana da damar ya yi shakkar alkawarinsa. Kuma mai ɓoye sirri yana da igiya a wuya, duk wanda ya riƙe ta zai iya jansa, shi ya sa hukumomin tsaro ba sa wasa da wannan. David Petraeus ya ajiye shugabancin hukumar leƙen asiri ta CIA a Nuwamban 2012 kan alaƙa da matar da ta rubuta tarihinsa, daga baya ya amsa a kotu cewa ya ba ta littattafansa masu ɗauke da bayanan sirri. Amma hukuncin hali na masu zaɓe ne, ranar zaɓe. Kiran a sauka yau-yau, kafin wa'adi ya cika, yana buƙatar abin da ya taɓa amanar ofis kai tsaye. Idan na ji an fara irin wannan kira, abin da nake nema shi ne ko an taɓa kuɗin jama'a, ko matar tana ƙarƙashinsa, ko ya yi ƙarya a inda doka ta wajabta masa gaskiya. Ina kuma tambayar wa ya fitar da labarin, kuma me ya sa sai yanzu. A batun Hancock, hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta binciki yadda hoton kyamarar ofishin minista ya isa hannun jarida, har ta kai samame gidaje biyu, a 2022 ta rufe binciken don babu isasshiyar hujjar gurfanar da kowa. Sau da yawa wuƙar daga cikin gida take fitowa.

A nahiyarmu misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Kembo Mohadi, mataimakin shugaban Zimbabuwe, wanda ya yi murabus ranar 1 ga Maris 2021 bayan an yaɗa wasu muryoyin waya da aka ce nasa ne yana zance da matan aure, har da wata ma'aikaciyar ofishinsa. Ya musanta, ya ce kwaikwayon muryarsa aka yi da na'ura don a ɓata shi. Ya ci gaba da riƙe muƙaminsa a jam'iyyar ZANU-PF, a Satumban 2023 Shugaba Emmerson Mnangagwa ya mayar da shi kujerar. Uzurin nan na cewa murya ko bidiyo na bogi ne za ka riƙa jinsa da yawa nan gaba, kuma matsalar ita ce wani lokacin gaskiya ne, domin manhajojin haɗa murya da fuska sun zama ruwan dare.

Idan kana tunanin yadda abin zai kasance a Najeriya, ginin ya fi kama da na Amurka. Minista ko kwamishina, wanda ya naɗa shi ne yake sauke shi. Shugaban ƙasa da gwamna kuwa sai ta sashe na 143 da na 188 na kundin tsarin mulkin 1999, inda ake buƙatar zargin babban rashin ɗa'a, da kwamitin mutum bakwai da babban alƙali zai kafa, da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. Kundin ya bar wa 'yan majalisa su fassara abin da ya kai babban rashin ɗa'a, don haka a nan ma lissafin kujeru ne. Ɗan majalisa kuma sai ta kiranye, wanda ke buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar kafin a je ƙuri'ar raba gardama, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 tun a matakin tantance sa hannu ya ruguje.

Bambancin da ya fi girma yana wajen mai zargin. A jihohin Arewa zina laifi ce a doka, a tsohon kundin Penal Code da kuma dokokin shari'ar Musulunci da jihohi suka fara aiki da su daga 2000, amma kazafi ma laifi ne. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mai kamun kai da zina bai kawo shaidu huɗu ba, aka kuma ce kada a sake karɓar shaidarsa. Hoton da aka tura maka a WhatsApp ba ya cikin shaidu huɗun nan, kuma tura shi gaba da sunan mutum a jiki yana iya kai ka gaban alƙali kafin shi. Wanda yake son ya tuhumi mai riƙe da muƙami a nan, ƙofar da ta fi buɗe masa ita ce ta takarda: wa aka ɗauka aiki ba bisa ƙa'ida ba, wa aka ba kwangila, da kuɗin wa aka biya hayar gidan da kuɗin jirgi. Waɗannan ana iya neman bayanansu daga hukumomin tarayya ta dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, a kuma kai ƙorafi gaban hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ko hukumar ɗa'ar ma'aikata.